IT ɗin dizain daga ɗakinmu a Mabera, Sakkwato, ga yadda ta kaya min

Tun da na ɗora hoton satifiket ɗin IT ɗina, wato horon koyon aiki da ake tura ɗalibai, a status mutane ke ta biyo ni ta bayan fage, wasu na tambaya wai da gaske ne ana yin IT ɗin dizain ba tare da mutum ya taka ofis ba, wasu kuma ko ba irin masu cewa kawo dubu kaza mu maida kai gwani cikin kwana bakwai ba ne. Na gaji da amsa ma kowa ɗaya bayan ɗaya, gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya mai so ya karanta. Ba zan faɗi sunan wurin ba don akwai inda zan yaba masu akwai kuma inda raina ya ɓaci sosai, kuma ban son abin ya koma talla ko tonon asiri. Ƙaramin situdiyon dizain ne dai a Abuja, ma'aikatansu ba su kai goma ba, kuma na yi wata huɗu tare da su daga Fabrairu zuwa Mayun 2025, ban taɓa ganin ƙofar ofishinsu da idona ba har yau.

Dalilin da ya sa na shiga ba wani abu ba ne, Baba ne. Da lokacin SIWES ya zo, wato shirin da ke tura ɗalibai IT, na kawo mashi maganar zuwa Abuja ko Kano, ya saurare ni har na gama sannan yac ce gidan wa za ki zauna, wa zai riƙe ki wata huɗu, ga hanya yadda take. Ban da amsa, kuma ban ga laifinsa ba. A nan cikin gari in kika ce dizain, abin da ke akwai mafi yawa shagunan buga katin biki da bana ne da fosta, kuma a lokacin ni gani nike na wuce nan, abin da nike so shi ne in ga yadda ake gina ma kamfani tambari da kala da salon rubutu tun daga tushe. Wata ƙawata ta turo min sanarwar shirin ga, na nuna ma Inna ita kuma ta kai ma Baba, da ya ji ba inda za ni sai ɗaki da laftof nan take ya amince. Wanga kaɗai babban abu ne gare mu mata a garin ga, don na san da yawa da sunka ƙare da yin IT a wurin da ba ruwansa da karatunsu, a sa masu hannu a logbuk, littafin da ake rubuta aikin IT, kawai a wuce.

Shiga ba wuya. Fom ne na Google, ka sa ayyukanka uku, sai su turo ma ƙaramin gwaji, ni fulaya anka ce in yi ta wani shagon kayan miya da babu shi a zahiri, cikin kwana biyu. Ba su karɓi ko sisi ba, wanga kuma ku riƙe shi, har yau ban ga dalilin da zai sa ɗalibi ya biya kuɗi don ya yi ma wani aiki ba. Mu 12 anka ɗauka, akwai na Kano da Zariya da Gusau da Birnin Kebbi da Jos da Ilorin, ni kaɗai daga Sakkwato. Na Zariyan ɗalibin sashen Industrial Design ne na ABU kuma ka ga alamar an koya mashi zanen hannu da kyau.

Tsarin kuma kowace Litinin da safe a sa aikin sati a gurup ɗin WhatsApp, ka yi shi a Figma, manhajar yin dizain ta intanet, Laraba da dare ka miƙa, Alhamis a hau Google Meet a duba aikin kowa gaban kowa. To wagga Alhamis ɗin ita ce shirin gaba ɗaya, in an cire ta ba abin da ya rage sai abin da za ka iya samu kyauta a YouTube.

Wadda ke duba muna aiki muna ce mata Anti, ba Bahaushiya ba ce amma a Kaduna ta tashi, tana jin Hausa tana kuma jefa ta cikin magana. Figma yana da wani abu da ya sa koyo daga nesa ya yiwu, mutum biyu ko goma na iya buɗe fayil ɗaya lokaci guda, kana ganin kibiyar kowa da sunansa tana yawo bisa aikinka. Satin farko ina zaune bisa darduma laftof bisa filo sai na ga kibiyar Anti ta tsaya kan fulayata, tac ce to ƙanwata, in mutum ya kalli wannan daƙiƙa biyu yana kan babur, me zai fara gani. Na yi shiru don wallahi komai na sa shi babba, sunan shago babba, lambar waya babba, farashi babba, har ganyen da na sa na ado shi ma babba. Ba ta ce bai yi kyau ba, sai ta kwafi fulayar ta ajiye gefe ta rage komai ta bar abu ɗaya, ta jera rubutun duka bisa layi guda daga hagu, ta cire salon rubutu biyu cikin huɗun da na sa, ta buɗe fili tsakanin abubuwa, ina kallo da idona cikin minti biyar aikin ya koma kamar na kamfani kuma ba ta ƙara komai ba, ragewa kawai ta yi. Na jima ina kallon bidiyoyi ana faɗin wanga abu amma ban taɓa fahimta ba sai da anka yi shi bisa nawa aikin, da nawa kuskuren.

Wata rana kuma na sa rubutu ruwan ɗorawa bisa fari don ya min kyau a cikin ɗaki. Tac ce tura shi wayarki ki fita tsakar gida ki duba ki dawo ki ba mu labari. Na fita, ranar Sakkwato ta ƙarfe goma sha biyu, ban ga harafi ko ɗaya ba. Daga nan ta koya muna cewa akwai ma'auni na bambancin hasken rubutu da na bayansa, 4.5 zuwa 1 ga ƙananan rubutu, kuma akwai ƙananan manhajoji cikin Figma da ke auna ma shi. Har yau ban miƙa aiki sai na fita da shi rana.

Kuma ba ta yabon banza. In aiki ya yi kyau za ta faɗi inda ya yi kyan da dalili, in bai yi ba ba za ta ce ma ka yi ƙoƙari ta wuce ba. Da farko abin na min nauyi don mu ba mu saba a gyara mutum cikin jama'a ba, ballantana ga maza na ji, akwai ranar da na kashe makirfo na share hawaye. Amma da na ga shi ma na Zariya da nike ganin ya fi mu duka an mayar da shi ya sake tambari har sau huɗu sai na gane ba ni ake nufi ba, aikin ake nufi.

Akwai abin da ni ma na kai masu wanda har yanzu in na tuna ina jin daɗi. An ba mu aikin fosta da Hausa, da na duba na sauran sai na ga kusan kowa ya rubuta k a wurin ƙ, d a wurin ɗ, b a wurin ɓ. Waɗanda sunka yi ƙoƙarin sa masu lanƙwasa kuma harafin ya fito daban da 'yan uwansa, siriri ko gajere kamar baƙo cikin kalma, don yawancin font ɗin nan masu kyau, wato salon rubutu, ba a zana masu haruffanmu ba, in ka rubuta sai kwamfuta ta aro daga wani font ta liƙa. Na ɗaga hannu na ce Anti wanga ba ado ba ne ma'ana ce, baƙin takalmi daban bakin takalmi daban, ƙasa daban kasa daban, ƙafa daban kafa daban. Ta tsaya tac ce in ƙara mata bayani, na nuna mata Noto Sans na Google da Andika da Charis na ƙungiyar SIL duk suna da su cikakku har da manyan baƙaƙe, kuma kibod ɗin Gboard yana da Hausa in mutum ya sa shi. Satin da ya biyo sai ga shi ta sa cikin jerin abubuwan da situdiyonsu ke dubawa kafin su zaɓi font in aikin na Arewa ne, a fara rubuta ɓ ɗ ƙ a gani. Mutum ya fi ka sani nesa ba kusa ba amma ya karɓi gyaranka gaban ɗalibai, ni wanga ya sa na amince da ita.

Mafi kyawun dabara a shirin duka ita ce ta wata na biyu, sunka ce kowa ya fita cikin garinsu ya nemo mai sana'a na gaske ya yi mashi tambari da lakabin kaya. Ni baduku na samu ta hannun kawuna, dattijo mai ɗinka jaka da takalmi da tumtum a Babbar Kasuwa, na tafi da ƙanena bisa kabu-kabu biyu. Kowa ya san jar akuyar Sakkwato da fatarta, tun zamanin fatake ake ratsa Sahara da ita har Turawa sunka san ta da sunan fatar Maroko don can sunka riƙa sayen ta, amma ka shiga rumfar mutumin ga kayansa masu kyau ba ko suna a jiki, wanda ya saya ya kai Legas ko Abuja ba wanda zai san hannun wa ya yi. Da na yi mashi bayani yac ce to ɗiyata, a sa dagin Arewa, a sa raƙumi, a sa ƙofar gidan Sarkin Musulmi, a sa akuya, ga lambobina uku duk a sa. Na dawo na yi yadda yac ce don ina jin nauyin in musa ma dattijo. Anti ta duba ta tambaye ni ina za a sa tambarin, na ce bisa fata za a danna shi da ƙarfe mai zafi, tac ce to duk siririn layin nan zai haɗe ya zama tabo, tambarin da za a danna bisa fata sai mai kauri mai sauƙi wanda in an rage shi ya kai girman farce ana gane shi. Sannan ta koya min abin da ya fi zanen wuya, yadda ake komawa wurin kwastoma a ce mashi ba haka ba ba tare da an raina shi ba. Tac ce kar ki je da baki ki je da abin gani. Na buga guda biyu ƙanana bisa takarda girman kwabo, nashi da nawa mai kan akuya kawai da harafin farko na sunansa, na miƙa mashi ban ce komai ba. Ya ɗaga su ya nisanta da ido ya jima sannan yac ce wanga na biyun shi na, na farkon kamar ƙuda ya mutu bisa takarda. Shi da kansa ya zaɓa.

To daga nan ne kuma na ci karo da inda shirin ya gaza, kuma gazawa ce babba ba ƙarama ba. Wata biyu cur muna aiki bisa sikirin ba wanda ya taɓa ce muna kalar da ke sikirin da kalar da inji ke bugawa ba ɗaya ba ne. Na gama lakabin da za a rataya ma jakunkuna, ja mai haske irin na fatar da wani kore mai ɗaukar ido, na fitar da PDF daga Figma na kai wani shagon buga takardu, da kuɗin baduku na buga guda 200 ba tare da gwaji ba. Da anka miƙo min gabana ya faɗi. Jan ya koma kamar ƙasa-ƙasa, koren ya mutu, wurin yanka wuƙa ta ci gefen rubutu a wasu, wasu kuma ga farin layi a baki, sannan ƙ ɗin da na yi ta faɗa a kansa ya koma ɗan akwati don kwamfutarsu ba ta da font ɗin kuma yaron shagon ya buɗe fayil ɗin a CorelDRAW, manhajar dizain da suke aiki da ita, ya bar shi a matsayin rubutu.

Mai shagon, wani malam da ya jima cikin sana'ar, ya ga yadda fuskata ta canza ya jawo min kujera yac ce zauna 'yar nan, wa ya koya maki aiki bai gaya maki wanga ba. Shi ya zauna da ni kusan awa biyu. Sikirin da haske yake haɗa kala, ja da kore da shuɗi, shi ne RGB, inji kuma da tawada huɗu yake aiki, CMYK, kuma akwai kaloli masu ƙyalli da tawada ba ta iya kaiwa gare su ko mi za ka yi, shi ya sa ake juya fayil tun kafin a buga a ga yadda zai dushe a gyara. Figma kuma don sikirin anka gina shi, da RGB yake fitar da komai. Ya nuna min yadda ake barin kala ta zarce layin yanka da milimita 3 kowane gefe don wuƙa ba ta faɗawa daidai kullum, da yadda ake janye rubutu ciki nesa da baki, da cewa hoto in bai kai 300 dpi ba, wato ma'aunin kaifin hoto, zai fashe a takarda, da Ctrl+Q da ke maida rubutu zane a Corel ta yadda ko wace kwamfuta anka kai shi ba zai canza ba. Ya kuma ce kar in sake turo aiki ta WhatsApp a matsayin hoto don yana matse shi, a turo shi a matsayin dokumen. Na biya rabin sake bugawa daga aljihuna shi kuma ya yafe rabi, Allah ya saka mashi da alheri. Irin shagon da nike ganin na wuce a farko, can na samu darasin da ya fi tsaya min a rai.

Da na kai maganar ranar Alhamis Anti ta ba ni haƙuri tac ce su yawancin aikinsu na intanet ne, manhajar waya da shafuka da hotunan Instagram, shi ya sa ba su sa shi cikin tsari ba. Na fahimta amma ban karɓa ba. In kun ɗauki ɗalibai daga Sakkwato da Gusau da Kebbi kun tura su wurin masu sana'a na gari, to ku sani kusan duk abin da za a nema gare su bugawa za a yi, katin biki, kalandar walima, bana, sitika ta robar zoɓo da ta yaji, lakabin turare. Sati ɗaya ya isa a ce kowa ya je shagon bugawa na unguwarsu ya zauna ya kalla ya kawo rahoto, ba zai ci masu ko naira ba.

Sai maganar wuta da data, wadda ban ma san ta inda zan fara ba. Laftof ɗina RAM 4GB gare shi, Figma kuma cikin burauza nike aiki da shi kuma sai da intanet, fayil na girma yana fara tsayawa, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 fanka na ta kuka har ina ɗora shi bisa murfin tukunya don iska ta shiga ƙasa. In an ɗauke wuta sai in kai caji gidan maƙwabta masu sola. Sun yi alkawarin kuɗin data kowane wata, kuma daidai lokacin ne hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, abin da sunka yanke tun farko ya zama bai kai ko'ina ba kuma ba su ƙara ba. Na wata na farko ya shigo kan lokaci, na biyu sai tsakiyar na uku bayan mun yi ta magana a gurup ana karantawa ana shiru, na ƙarshe har yau da nike rubutun ga ban gan shi ba. Ba yawan kuɗin ke damuna ba, shirun ne. In babu a ce babu mu san inda za mu nema, ɗalibi ne fa, wani sai ya ranta yake hawa mitin.

Shi kansa mitin ɗin da Google Meet na kyauta ake yi wanda ke yankewa in an cika minti 60, mu 12, to lissafa minti nawa kowa zai samu. Masu netwok mai ƙarfi da saurin baki su cinye lokaci, kai da muryarka ke yankewa kana cewa kuna jina kuna jina sai a ce bari mu wuce mu dawo gare ki, kuma ba a dawowa. Sau biyu ina kwana bisa aiki ba a duba shi ba. Da munka yi ƙorafi Anti ta fara naɗar gajeren bidiyo na sikirin ɗinta tana gyara aikin kowa ta ajiye a Google Drive, mu sauke da datar dare mu kalla a natse. Wallahi wanga ya fi mitin ɗin amfani nesa, don kana iya mayarwa baya sau goma, kuma da shi ya kamata su fara tun ranar farko. Ita kaɗai ke wanga wahala kuma bayan nata aikin ofis, wani lokaci ƙarfe ɗaya na dare za ka ga bidiyo ya shigo.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne azumi. An ɗauki azumi 1 ga Maris, mitin kuma ƙarfe shida zuwa bakwai na yamma, a Sakkwato kuma bakwai saura ake shan ruwa a lokacin. Duk macen da ke gidan iyayenta ta san inda take daga la'asar zuwa magariba, tana madafa, ga kunu ga ƙosai ga abincin da za a fitar. Fiye da rabinmu masu azumi ne amma ba wanda ya yi tunanin haka cikin masu tsarawa, mun roƙa a canza sai da anka yi sati biyu ana cewa za a duba. Na yi mitin ɗaya waya a aljihu abin ji a kunne ina juya ƙosai, aka kira sunana ban iya amsawa ba, Inna na kallona ba ta ce komai ba amma na san ba ta ji daɗi ba. Daga baya sunka maida shi sha ɗaya na safe kowa ya huta. Haka satin Sallah sunka sa wa'adin miƙa aiki kamar ba abin da ke faruwa. Ba mugunta ba ce na sani, rashin tambaya ne, amma wanda zai tara yara daga garuruwa daban-daban ya kamata ya fara tambayar su yaya yininku yake kafin ya sa lokaci.

Mu 12 munka fara mu 7 munka gama. Na Gusau laftof ɗinsa ya lalace a wata na biyu, ya faɗa a gurup sau ɗaya anka ce Allah ya kyauta shi ke nan, ba wanda ya kira shi daga situdiyon, bayan sati uku sai munka ga an cire shi. Yaron ga ya iya haɗa kala fiye da mu duka. A ofis in kujerarka ta zama wayam kwana biyu wani zai tambaya, a onlayin kuwa mutum na ɓacewa kamar ba a taɓa yin shi ba, kuma wanga nauyi ne bisa masu shirin ba bisa ɗalibi ba. Mu ne munka buɗe namu ƙaramin gurup da Hausa muna tambayar juna abin da muke jin kunyar tambaya a babban, har yanzu na Gusau ɗin shina ciki kuma yana yin abin da ya samu da manhajar dizain ta Canva a waya.

Maganar logbuk kuma kar wanda ya yi wasa da ita. SIWES ƙarƙashin ITF yake, hukumar horar da ma'aikata ta gwamnatin tarayya, akwai sa hannun mai kula da kai a wurin aiki da hatimi, akwai Form 8, fom ɗin rahoton kammalawa, a ƙarshe, akwai kuma malamin da makaranta ke turowa ya gan ka bakin aiki. Kafin ka karɓi IT na daga gida je ka ofishin SIWES na makarantarku ka tambaya ko sun yarda, ka samu amsa a rubuce in da hali. Ni an yarda min, malamin ya kira su ta waya ya kuma duba ayyukana a laftof, logbuk ɗin kuma sai da na ba direba a tasha ya kai Abuja anka sa hannu anka maido, kwana tara ina addu'a kar ya ɓace a hanya.

Kuɗin aiki ma ba su koya muna ba sai da na tambaya, don baduku ya ce nawa zan ba ki na rasa abin cewa. Zama ɗaya anka yi a kai amma ya amfane ni, a karɓi rabi kafin a fara, a rubuta sau nawa za a yi gyara ko da a saƙon WhatsApp ne, kar a miƙa asalin fayil sai an cika kuɗi. Sun kuma sa kowa ya buɗe Behance, shafin da masu dizain ke baje ayyukansu, ya jera ayyukansa guda biyar da bayanin yadda ya faro har ya gama, ba hoton ƙarshe kawai ba, kuma ta nan wata mai sayar da turaren wuta a Arkilla ta gan ni ta ba ni aikin sitika.

Masu tambaya ko su shiga zagaye na gaba, in kina da laftof ko da mai rauni ne da inda za ki yi caji, kuma za ki iya jure a gyara ki gaban mutane, ki shiga, don irin gyaran Anti ban san inda za ki same shi a zaune cikin ɗakinku ba. Amma ki tambaye su tun farko wa zai riƙa duba aikin kuma sau nawa a sati, ana naɗar gyaran ko sai kai tsaye, ranar nawa ga wata kuɗin data ke shigowa, kuma ki nemo shagon bugawa kusa da ku ki roƙi mai shi ya bar ki kina zuwa ko ranar Asabar ce. In waya kaɗai gare ki ki dakata tukuna, Figma a waya kallo kawai ake yi ba a aiki.

Ni yanzu duk Asabar ina wurin malam mai shago daga goma zuwa azahar, Baba ya amince don ƙanena ke kai ni, ina koyon Corel da yadda ake jera kati da yawa bisa takarda ɗaya don kar a yi asara. Shekaranjiya baduku ya aiko yaronsa wai lakabin sun ƙare yana son wasu 300, kuma wani mai saye daga Kano ya kira lambar da ke jiki. Na riga na juya fayil ɗin zuwa CMYK na ɗan ƙara ma jan ƙarfi, gobe in Allah ya kai mu za mu buga guda ɗaya tak mu kai mashi kasuwa ya ɗora bisa fatar ya gani kafin a saki sauran.